Daga Gaɓar Teku Zuwa Bakin Tafkin Jabi

Duk wanda ya yi sammako ya isa bakin Tafkin Jabi da ke Abuja ranar Asabar, tun rana ba ta ɓullo daga wajen Dutsen Aso ba, zai tarar da abin da in kakanninsa ne suka gani da sun riƙe baki. Zai ga dattijo mai furfura, wanda jiya-jiyan nan ake rusuna masa a ofis, ya ajiye babbar riga da hula a mota, ya ɗaura takalmin kambas, yana ta sassarfa yana haki, gumi ya jiƙe masa taguwa sharkaf. Zai ga matan aure cikin hijabi, uku-uku ko huɗu-huɗu, suna tafiya da hanzari suna taɓa hira. Can a fili kuma ga samari da 'yan mata sun yi sahu, mai koyarwa yana gabansu yana ƙirga, kiɗa na tashi, kowa na ɗaga hannu yana saukewa. Ba wanda aka koro, ba kuwa wanda ya makara zuwa wani wuri. Abin da ya fito da su tun duku-duku shi ne motsa jiki a bakin ruwa, da wani irin daɗi da ke tattare da shi, wanda sai wanda ya ɗanɗana ya sani.

In aka tsai da dattawan cikinsu aka tambaye su inda suka samo wannan ɗabi'a, ba abin mamaki ba ne a ji sun ambaci garuruwa masu nisa, wannan ya ce Legas, wancan ya ce Dakar, wani kuma ya ce Jidda. Watau a wajen tafiya suka tsince ta, a bakin teku, suka ƙullo ta cikin kayansu suka zo da ita gida tamkar tsaraba. Ita kuwa Abuja ba ta da teku, tsakaninta da Legas ma akwai tafiyar fiye da kilomita 700 a mota. To, yaya aka yi mutumin tudu ya kamu da son gaɓar ruwan gishiri? Me ya samu a can wanda bai samu a ƙofar gidansa ba?

Bahaushe da teku

Ƙasar Hausa ƙasar tudu ce. Ruwan da Bahaushe ya buɗe ido ya gani shi ne na rijiya da kududdufi da gulbi, gulbin ma galibi in rani ya yi sai ya koma rairayi a riƙa tona shi. Amma duk da haka teku bai taɓa zama baƙo a rayuwarsa ba. Kuɗin wuri da aka yi ta ciniki da su a Kasuwar Kurmi ta Kano kafin zuwan kuɗin Turawa, daga Tekun Indiya ake kawo su, musamman tsibiran Maldibs. Ke nan mutanen da ba su taɓa jin ƙugin teku ba sun daɗe suna ƙirga abin da ya haifa. Alhazan dā da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙafa, waɗansu suna shekaru a hanya, ba su kai Makka ba sai da suka tsaya a Sawakin suka ga Bahar Maliya shimfiɗe a gabansu. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 kuwa, sai Legas, wadda dattawa ke kira Ikko, ta matso kusa, unguwanni irin su Agege da Idi-Araba da Obalende suka cika da Hausawa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya hau jirgin ruwa a 1921 ya ziyarci Ingila ya kuma sauke farali, sa'an nan Abubakar Imam ya ƙetare tekun a 1943, ya dawo ya rubuta littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Sai dai duk waɗannan bayin Allah hanya suka ɗauki teku, abin da za a haye a kai ga biyan bukata. Ba wanda ya je don ya yi tattaki a gefensa, ba su ma da bukatar haka. Mutumin dā noma da huɗa da takawa zuwa kasuwar ƙauye sun ishe shi motsa jiki. Matarsa kuwa daka da niƙa da jan guga ba su bar mata kitsen da za ta nemi ragewa ba. Samari suna da kokawa da dambe da langa, masu sarauta suna da kilisa da sukuwa. Bukatar ba ta taso ba sai da aikin ofis ya zo, mutum ya tashi daga gado ya faɗa mota, ya fita daga mota ya faɗa kujera, ya wuni a kanta, da yamma ya sake komawa mota.

Ranar da hedkwata ta ba teku baya

Bayan samun mulkin kai a 1960, ma'aikata da sojoji da 'yan majalisa da yawa daga Arewa sun yi zama a Legas, tun da nan ce hedkwatar ƙasa. Waɗansu suna aiki a Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi, waɗansu a Barikin Dodan, daga baya kuma aka gina rukunin gidajen nan da ake kira 1004 a Tsibirin Biktoriya. Daga nan ɗan taƙi ne zuwa Bar Beach, shimfiɗaɗɗen rairayin da ke kwance a gefen titin Ahmadu Bello, yana fuskantar Tekun Atlantika. Ba ƙofa, ba shinge. Ran Lahadi da yamma wurin kan cika maƙil: ga masu ba da hayar dawaki, ga masu tsire suna fifita wuta, ga mabiya majami'u masu fararen riguna suna addu'a suna kaɗa ƙararrawa, ga yara suna tsere da igiyar ruwa. Ba abin daɗi kaɗai wurin ya gani ba, gama a nan ne aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a cikin shekarun 1970, har da ƙasurgumin nan Ishola Oyenusi a 1971. Wanda kuwa ya tsaya a wurin a 1975 ya ɗaga ido, zai hango ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti sun yi cirko-cirko, suna jiran layin shiga tashar Apapa wata da watanni.

Irin wannan cunkoso na cikin abubuwan da suka sa Janar Murtala Ramat Muhammed ya kafa kwamiti a watan Agusta na 1975, a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, don ya duba ko Legas ta dace ta ci gaba da zama hedkwata. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. Ran 3 ga Fabrairu, 1976, Murtala ya sanar da jama'a an karɓi shawarar, bayan kwana goma kacal aka kashe shi. Sabon birnin ya ari sunansa daga tsohon garin da Abu Ja ya kafa a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja. Ba a kammala ƙaura ba sai ran 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Cikin dalilan da aka kawo har da na tsaro, watau birnin da ke bakin teku yana da sauƙin kai wa hari ta ruwa. Ashe da gangan aka yi nesa da teku. Waɗanda suka yi ƙaura sun sami sarari, da iska mara cunkoso, da duwatsu masu ban sha'awa, da tituna masu faɗi waɗanda aka tsara domin motoci. Amma sun baro wani abu guda da ba ya shiga bayan tirela. Tun daga ranar, mazaunin Birnin Tarayya ba ya ganin teku sai in tafiya ta kama shi.

Asubahin baƙo

A ɗauki misalin ma'aikaci ɗan shekara 50 da 'yan kai, mazaunin Gwarinpa ko Kubwa, mai iyali, mai muƙami. Likita ya auna shi ya ce jininsa ya fara hawa, ya rage gishiri, ya riƙa tattaki. Ya ji, ya kuma yarda. Ran da ya gwada a layinsu, bai yi taku ɗari ba sai ga maƙwabci ya taka burki a gefensa, ya sauke gilashi ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiya? Ko motar ce ta ba da matsala? Shigo in rage maka hanya." Kafin ya gama ba shi amsa, wani yaron ofishinsu ya hango shi ya zo ya durƙusa yana gaisuwa. Sai ya juya gida, ya jefa kambas ɗin a bayan ƙofa. A wurin Bahaushe babba ba ya gudu sai da dalili, kuma girma riga ce mai nauyi, ba a sassarfa da ita.

Ana nan sai taro ya kai shi wani gari na gaɓar Atlantika, aka sauke shi a masaukin da ke kusa da ruwa. Ya yi sallar Asuba, ya koma ya kwanta, barci ya ƙi. Tun dare yake jin wani ƙugi yana zuwa yana komawa, kamar hadari mai nisa wanda ya ƙi ƙarasowa. Sai ya zura wando da taguwa ya fita ya bi sautin.

Abin da ya fara tarbarsa ita ce iska, mai ɗanshi, mai ƙanshin gishiri da ƙarnin kifi kaɗan, ba irin busasshiyar iskar hunturu mai fasa leɓe da ya baro a gida ba. Gari bai gama wayewa ba, ruwa da sama sun haɗe sun zama toka-toka, sai farin kumfa kawai ake gani yana birgima. Ya taka busasshen rairayi, ƙafa ta nutse, takalmi ya cika da yashi. Ya duba dama da hagu, ba wanda ya san shi. Sai ya sunkuya ya cire takalman ya riƙe a hannu, ya naɗe ƙafar wando, abin da rabonsa da yi a gaban mutane tun yana yaro yana bin gulbin garinsu.

Ya gangara inda ruwa ke lasa. Nan rairayin a daddale yake kamar daɓen ɗaki, ga sanyi. Ya fuskanci gabas, teku na hannun damansa, ya kama tafiya. Igiya ta taso ta rufe masa idon sawu, da za ta koma sai ta zare yashin da ke ƙarƙashin dugadugansa, ya ji kamar ƙasa ce ke gudu da shi, ya yi tangaɗi, dariya ta kuɓuce masa shi kaɗai. Ƙananan ƙaguwa suna ta tsere a karkace suna faɗawa ramukansu. Can gaba ya iske masunta sun yi layi suna jan igiyar taru, suna waƙa da harshen da ba ya ji. Wani saurayi a cikinsu ya matsa masa wuri, ya yafuto shi da hannu ya ce, "Baba!" Ya ajiye takalmi ya kama igiya ya ja tare da su har tafin hannunsa ya yi ja. Ba wanda ya tambaye shi matakin albashinsa.

Da ya bar su sai ya ji jikinsa ya saki, ƙafa ta yi sauƙi. Ya ƙara sauri. Bai san sa'ad da tafiya ta koma sassarfa ba, sassarfa ta koma gudu. Bai yi nisa ba ƙirji ya ɗauki zafi, ya tsaya ya dafa gwiwoyi yana mai da numfashi, zuciya na bugawa kamar ganga. Daidai nan rana ta keto, jajawur, ta shimfiɗa haskenta a kan ruwa. Ya waiwaya don ya ga iyakar inda ya faro, sai ya tarar ruwa ya shafe sawunsa sarai, kamar ba wanda ya taɓa bi ta nan. Ya miƙe tsaye yana tasbihi ga Wanda Ya halicci wannan abu, Ya kuma yi masa iyaka. Ran nan ya ci karin kumallo da marmari, ya zauna taro ba gyangyaɗi, da dare kuma ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba.

Daga ina daɗin yake?

Wani sashe na wannan daɗi masana sun san dalilinsa. Rairayi ba ya mayar wa ƙafa ƙarfin da ta zuba masa kamar yadda kwalta ke yi, don haka jiki kan yi aiki ninki. Wani bincike da aka yi a ƙasar Beljiyam aka buga a 1998 ya nuna tafiya a kan busasshen yashi tana cin ƙarfi fiye da ninki biyu na tafiya a kan ƙasa mai tauri, gudu kuwa ya ɗara ninki ɗaya da rabi. Ga shi kuma da taushi, ba ya dukan gwiwa. Ita ma iskar da dalilinta: da rana ƙasa kan riga ruwa ɗaukar zafi, sai iska mai sanyi ta taso daga teku ta nufo tudu, da dare kuma ta juya. Shi ya sa da wuya a iske bakin teku tsit ba kaɗawa.

Akwai kuma rabon ido. Ɗan Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi ya tashi yana hango inda sama ta haɗu da ƙasa, musamman bayan an yi girbi an kwashe kara. Birni ya ƙwace masa wannan, duk inda ya juya bango ne ko bene ko gilashin kwamfuta. A bakin teku sai a mayar masa da abinsa, gama mutumin da ke tsaye a gaɓa yana hango ruwa har wajen kilomita 5 ba abin da ya gitta. Ba mamaki mutumin tudu ya ji kamar ya zo gida a wurin da bai taɓa zuwa ba.

Amma babban sirrin shi ne baƙunci. Baƙo ba shi da girman da zai tsare. A garin da ba a san shi ba, ba darakta, ba Alhaji wane, ba surukin da za a ji kunya, sai mutum da ƙafafunsa biyu. Gaban teku kuwa kowa ƙarami ne, mai muƙami da masunci duk igiya ɗaya ke jiƙa su. Hajiyar da ba za ta iya ɗaga ƙafa a unguwarsu ba don gudun bakin mutane, a can sai ta ɗaure zanenta da kyau ta yi tafiyar awa guda tare da 'yarta, ta dawo fuska na sheƙi. Nauyin da mutum ke saukewa a bakin teku ya fi na tumbi.

Sai dai ruwa ba sa'an kwando ba ne. Gaɓar Atlantika ta wannan yanki tana da igiya mai ƙarfi, akwai kuma wani jan ruwa da ke komawa ciki da sauri ta wani ɗan siririn wuri, wanda ya sha cin gwanayen iyo. Wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce idon sawu, kada kuma ya ba igiya baya. In ƙaddara ta sa jan ruwan ya kama mai iyo, kada ya yi kokawa da shi, sai ya yi iyo a gicciye, daura da gaɓa, har ya fita daga bakinsa. Baƙo ya tambayi mutanen masauki inda ke da aminci kafin ya fita da duhu, mai ciwon zuciya kuma ya nemi shawarar likita kafin ya ce zai yi gudu. Sannu ba ta hana zuwa.

Dakar da Jidda

Wanda yake son ya ga inda wannan al'ada ta zauna da gindinta, sai ya je Dakar, babban birnin Senegal, wanda teku ya kusa kewaye shi, inda ƙasar Afirka ta yi iyaka ta yamma. Akwai wani titi da ya bi gefen teku ana ce masa Kornish, ya wuce ta gaban Jami'ar Cheikh Anta Diop. In la'asar ta yi sanyi sai jama'a su yi dafifi a wurin, ɗalibai da ma'aikata, maza da mata, waɗansu na gudu, waɗansu na ɗaga ƙarfe a na'urorin da aka kafa a fili, waɗansu sun yi ayari a kan rairayi suna tsallen kwaɗo. 'Yan kokawa, waɗanda a ƙasar ake girmama su kamar yadda ake girmama 'yan dambe a Arewa, a yashin nan suke gina ƙwanjinsu. Galibin mutanen ƙasar Musulmi ne, ana kiran Magariba za a ga waɗansu sun kakkaɓe yashi sun nufi masallaci. Baƙon da ya fito daga Abuja ya ga haka, sai ya gane ashe motsa jiki bai rage wa kowa mutunci ba.

Jidda kuma, ƙofar alhazai, tana da nata Kornish a gefen Bahar Maliya, da hanyar masu tafiya a ƙafa, da maɓuɓɓugar Sarki Fahad wadda aka buɗe a 1985, mai cilla ruwan teku sama fiye da mita 250. Saboda zafin rana, da dare ake cika wurin, iyali-iyali. Alhajin da ya gama ɗawafi, ya yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, tafiyar da ta ɗara kilomita 3, ya riga ya gano ƙafafunsa suna da sauran ƙarfin da bai sani ba. In ya sami yammaci guda a Jidda kafin jirginsu ya tashi, ya taka gefen ruwan da kakanninsa suka haye cikin jiragen katako, to, ya ƙara tsaraba a kan dabino da zamzam.

Abin da ya sami Bar Beach

Tsohon ma'aikacin da ya koma Legas yau don ya nemi inda ya saba tattaki yana saurayi, ba zai same shi ba. Asalin abin tun zamanin Turawa ne. Tsakanin 1908 da 1912 aka gina dogayen shingayen duwatsu a bakin mashigin tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. Shingayen sun yi aikinsu, amma sun tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma yana ciyar da Bar Beach. Sai teku ya shiga cin gaɓar kaɗan-kaɗan, har ta kai yana tsallakowa ya malale titin Ahmadu Bello. A ƙarshen shekarun 2000 aka fara cike wurin da yashin da ake haƙowa daga ƙarƙashin teku, aka gina katangar duwatsu mai tsawon kilomitoci, aka kafa sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic a kai. An kare tsibirin daga ambaliya, wannan gaskiya ne. Amma rairayin da talaka ke shiga ba ko kwabo ya tafi ke nan.

Yawancin wuraren shan iska na bakin teku da suka rage a yankin Lekki sai an biya kuɗin ƙofa. A 2024 kuma aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba ya ci wani sashe na waɗansu daga cikinsu. Masu son sassarfa da yawa sun koma kan gadar da ta haɗa Lekki da Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013. Tseren dogon zango na kilomita 42 da aka fara a Legas a 2016 ya sha ƙarewa a Eko Atlantic, watau masu gudu suna taka kwalta a wurin da dā igiyar ruwa ke fashewa. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, amma a birninta mafi girma wanda ba shi da kuɗi yana neman rasa inda zai tsoma ƙafa.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki

Matafiyin nan dai dole ya komo gida, yashi a cikin takalmi, daɗin kuma a cikin zuciya. In ya yi sa'a ba zai bari ya huce ba, sai ya nemi ruwan da ya fi kusa da shi, shi ne Jabi.

Tafkin Jabi ba halittacce ba ne. Madatsar ruwa ce da aka gina a farkon shekarun 1980 don shayar da sabon birni, kafin a gama babbar madatsar Usuma da ke wajen Ushafa. Da Usuma ta karɓi aikin, sai Jabi ya zama wurin shaƙatawa, a 2015 kuma aka buɗe katafaren rukunin kantunan Jabi Lake Mall a gefensa. Ba shi da gishiri, ba shi da ƙugi, mai tsaye a wannan gaɓa yana ganin gine-ginen waccan. Amma da asuba hazo kan kwanta a kansa, balbelu su gitta, mai kwalekwale ya ratsa shi a hankali, iska mai sanyi ta taso. Mafi muhimmanci, a nan ma riga mai nauyin nan tana sauka, domin inda kowa ke haki ba mai tsayawa ya tambayi wani ko lafiya. Akwai kuma Lambun Millennium na Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba na 2003, da harabar babban filin wasa da aka gina don wasannin Afirka na wannan shekarar, da duwatsun da ƙungiyoyin matasa ke hawa ran Asabar. Duk da haka ruwa daban yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, watau rabin awa sau biyar. Hawan jini da ciwon sukari, waɗanda dā ake ce musu ciwon masu kuɗi, yanzu ba gidan da suke jin kunyar shiga. Amma tsoron ciwo bai cika fitar da mutum daga bargo da asuba ba, in ma ya fitar da shi sati biyu ne. Abin da ke fitar da shi shekara da shekaru shi ne daɗi. Wanda ya taɓa jin igiya ta zare yashi a ƙarƙashin ƙafarsa ya yi dariya shi kaɗai, ba ya bukatar a yi masa wa'azi.

Saboda haka labarin Bar Beach abin lura ne ga mutanen Abuja da hukumomin da ke riƙe da ita. Fili a bakin ruwa, a tsakiyar birnin da ƙasa ke tsada kamar zinariya, ba ya rasa masu zawarci. Gyara abu ne mai kyau, wurin kuwa yana bukatarsa: a kwashe robobi da ledojin da ruwan sama ke korowa, a daidaita hanyar masu tafiya, a sa fitilu, a tanadi makewayi. Amma in gyara ya zo da katanga da kuɗin ƙofa wanda masinja da mai gadi da ɗalibi ba za su iya biya ba, to, an raba wurin da abin da ya sa yake da daraja. Darakta yana iya hawa jirgi ya je Dakar ya sha iska. Direbansa kuwa Jabi ne tekunsa. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda tafiya ta kai shi garin da ke bakin teku, kada ya ƙare kwanakinsa tsakanin ɗakin taro da ɗakin barci. Ya saka kambas a jaka tun daga gida, ya yi sallar Asuba ya bi sautin ruwa. In ya komo kuma, ran Asabar ya tashi iyalinsa su nufi Jabi tun rana ba ta yi zafi ba. Lafiya uwar jiki ce. Allah Ya ƙara wa masu karatu ita, Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su gida lafiya.